Kular da ke dawowa a cike: faman ma'aikatan Abuja da abincin makarantar 'ya'yansu

Tun kafin a tayar da sallar asuba a masallatan Nyanya da Mararaba da Kubwa, fitilun ɗakunan girki sun riga sun kama a gidajen ma'aikata. Duk wanda ke son ya sa hannu a rajistar ofis a Sakatariyar Tarayya kafin ƙarfe takwas ya san cewa idan shida da rabi ta yi masa bai wuce gadar Karu ba, to ranar sai haƙuri. A cikin wannan 'yar tazarar ake yi wa yara wanka, a nemo safar da ta ɓace, a duba ko an yi aikin gida, sannan a fuskanci tambayar da ba ta hutu daga Litinin zuwa Juma'a: yau kuma me za a zuba musu a kula?

Amsar takan bayyana da yamma, lokacin da aka buɗe jakar makaranta. Ledar biskit fayau, kwalin lemo an tsotse shi har ya lotsa, amma shinkafar da uwa ta hana idonta barci ta dafa tana nan yadda aka zuba ta, sai dai ta yi gumi ta fara tsami. Idan aka tambayi yaro dalili, amsar ba ta wuce ɗaya daga cikin uku: "Mama, ta huce," ko "Mama, an kaɗa ƙararrawa ban gama ba," ko kuma ya sunkuyar da kai ya yi shiru, wanda sau da yawa ma'anarsa ita ce wani a aji ya yi masa dariya.

Abin ya wuce asarar kwanon shinkafa. Ɗan ma'aikaci a Abuja yakan bar gida tare da iyayensa wajen ƙarfe shida, ya shiga aji, ya zauna darasin bayan tashi, wani kuma daga nan a wuce da shi Islamiyya. Kafin ya sake zama gaban abincin gida, awa goma ko fiye sun shuɗe. Ga ɗan hadimin minista ko na ɗan majalisa abin ya fi haka, domin lokacin tashin uban ba a hannunsa yake ba, sai oga ya ce a tafi. Ke nan abin da ke cikin kular nan shi ne kusan rabin abincin yaron na yini. Idan ta dawo a cike, da biskit da ruwan sukari ya yi karatun ranar.

Yadda leda ta ci kasuwa

Bai kamata a yi saurin ɗora wa iyaye laifi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye wani babban yanki na albashi, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin wannan shekarar ya zo ya tarar da kasuwa ta riga ta yi gaba. Shirin ciyar da ɗalibai da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016, wanda ya fara da Naira 70 a kan kowane yaro, 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, aka kuma dakatar da shi a farkon 2024. Yawancin 'ya'yan ma'aikata da ke makarantun kuɗi dama can ba su cikin lissafinsa.

A irin wannan hali, abincin leda yana da hujjoji masu ƙarfi. Ana sayen katan ɗaya ranar da albashi ya shigo, ya kai ƙarshen wata bai lalace ba. Ba ya neman firij, ba ya ɓata farar riga, kuma ba a taɓa jin yaron da ya dawo da shi gida ba. Taliyar Indomie, wadda ta shigo ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1980 kafin a kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun, ta zama sunan da ake kiran duk wata taliya irinta, domin ta warware wa uwa mai sauri matsalar da babu wanda ya warware mata: minti biyar, an gama.

Sai dai abin da ke cikin ledar yana da nasa lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in da hali ma a tsaya ƙasa da kashi 5. Ga yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, kashi 10 ɗin ya kama kusan giram 40, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi goma. Kashi 5 kuwa cokali biyar ne. Yanzu a ɗauki ƙaramin kwalin lemo mai mililita 200 wanda aka rubuta a jikinsa cewa akwai sukari giram 10 a kowace mililita 100. Giram 20 ke nan, cokali biyar cif, a zuƙa ɗaya lokacin tara. Ba a sa sukarin shayin safe a lissafi ba, ba a sa na biskit ba. Hoton lemo ko tuffa da ke jikin kwalin ba ya sauya wannan lissafi, domin ƙa'idar ta haɗa har da ruwan 'ya'yan itace da zuma. Harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo bai kai ya hana kowa saye ba, musamman da farashin komai ya bar shi a baya.

Gishiri ma haka. Ƙa'idar hukumar ga babban mutum ita ce ƙasa da giram 5 a yini, na yara kuma ƙasa da haka. Mafi yawan gishirin taliyar leda yana cikin ɗan ƙullin kayan ɗanɗanon da ke tare da ita, ita kanta taliyar kuma fulawa ce da aka soya a mai. Tana cika ciki, amma abin da ke gina jiki da ƙara jini a cikinta kaɗan ne.

A nan ne wata matsala ke ɓuya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 68 cikin 100 na 'yan wata 6 zuwa 59 kuma suna da ƙarancin jini. Akan ɗauka wannan labarin ƙauye ne da sansanonin 'yan gudun hijira, alhali ƙarancin jini bai tsallake gidajen masu albashi ba. Yaro na iya zama ɓul-ɓul, kumatu sun cika, amma jininsa ya gaza. Alamarsa a aji ita ce saurin gajiya, gyangyaɗi da rashin natsuwa, abubuwan da malami kan rubuta a katin sakamako da sunan rashin mai da hankali.

Guzurin da aka manta

Abin mamakin shi ne, matsalar abincin da zai yi tafiya, ya jure zafi, a kuma ci shi da hannu cikin sauri, tsohuwar matsala ce da ƙasar Hausa ta daɗe da warwarewa. Fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro ba su da firij. Manomin da ke wuni a gona da makiyayin da ke bin shanu ba su da kula. Su suka bar wa na baya ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi da dambun nama da soyayyiyar aya da busasshen dabino. Wanda ya yi firamare a Kano ko Zariya ko Gusau shekaru talatin da suka wuce zai tuna abin da kuɗin tara ke saya a bakin ƙofar makaranta: ɗanwake, ƙosai, dafaffen rogo da ƙuli, gyaɗa, gurjiya, kwaɗon zogale ko rama, awara daga baya. Babu wanda ya kira su abincin lafiya a lokacin. Amma idan aka auna su da ma'aunin masana na yau, yawancinsu sun fi abin da ke cikin katan ɗin babban kanti. Da tsohuwar zuma, in ji masu iya magana, ake magani.

Wake shi ne jigo. Yana da sinadarin gina jiki, yana da na ƙarin jini, kuma yana daɗewa a ciki, ba kamar biskit da ke barin yaro da yunwa bayan awa ɗaya ba. Abin da ya kore shi daga girkin safiya a gidan ma'aikata wahalar surfe da kai markaɗe ce. Maganin wannan kuwa sananne ne ga matan da suka daɗe a harkar: a surfa wake mai yawa ranar Asabar, a wanke, a shanya shi ya bushe ƙarau, a kai inji a niƙo gari, a zuba a mazubi mai murfi. Da wannan garin, ƙosai ya koma aikin minti goma sha biyar: a kwaɓa da ruwa tun ana shirin wanka domin ya jiƙa, a sa albasa da ɗan attaruhu, a buga sosai, a soya. Alala kuwa ana iya dafa ta da daddare a ƙananan gwangwanaye ko robobi, a sa dafaffen ƙwai ko kifi a ciki, da safe a turara ta ta yi zafi har tsakiya. Ɗanwake ya fi su duka sauƙi idan an riga an haɗa garinsa da kuka, domin kafin a gama sa wa yaro takalmi ya taso saman ruwa. Ɗan mai, yankakken ƙwai, kabeji da tumatir a gefe, an sami cikakken abinci.

Awara ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce naman mai ƙaramin albashi. Waken suya na cikin tsirran da suka fi kowanne yawan sinadarin gina jiki, kuma yara ba sa yi wa awara gardama, musamman idan an tsoma ta a ruwan ƙwai kafin a soya. Ana iya yin ta a gida ranar hutu, a daskarar da madarar da ruwan tsamiya ko lemon tsami ko ruwan tsamin kamu, a yanka, a ajiye a firij, kowace safiya a soya 'yan yankan da ake bukata. Mai saye a waje kuma ya dubi man da ake suyar. Man da ya yi baƙi saboda an kwana uku ana juya shi ya ɓata duk alherin da ke cikin awarar.

Sai ƙwai. Guda ɗaya yana da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, yana dahuwa cikin minti goma, kuma ya zo da marufinsa daga wurin Ubangiji. Kiret ɗaya mai ƙwai 30 zai ba yara biyu ƙwai ɗai-ɗai na kwanakin makaranta goma sha biyar, mako uku ke nan. Duk wanda ya ce ƙwai ya yi tsada gaskiya ya faɗa, amma ya kwatanta kuɗin kiret ɗin da na katan ɗin lemon kwali da zai ƙare a daidai wannan lokaci.

Dankalin Hausa ma ya samu sabon matsayi. Akwai nau'insa mai ciki ruwan lemo, wanda cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta fitar wa manoma, mai ɗauke da sinadarin bitamin A da ido da garkuwar jiki ke bukata. Zaƙinsa na halitta ya sa yara ke karɓarsa ba tare da lallashi ba, a dafe ko a soye, da ɗan miyar ƙwai. Ga dambun shinkafa ko na tsakin masara da aka cakuɗa da zogale da gyaɗa, wanda ke da wata fa'ida da shinkafa da miya ba su da ita: ko ya huce yana ciyuwa. Ga acca daga Filato da kudancin Kaduna, wadda ke nuna cikin 'yan mintuna. Ga gurasa da masa da sinasir, waɗanda za a iya haɗa su da ƙwai ko ɗan dambun nama maimakon sukari.

A nan akwai gyara guda. Kasancewar abu na gargajiya bai wanke shi ba. Alkaki da nakiya da tuwon madara da gullisuwa da iloka duk 'yan gida ne, amma sukarinsu da zumarsu ba su gaza na alewar kanti ba. Zoɓon da aka juye wa kofin sukari ɗan'uwan lemon kwalba ne, launi kawai ya raba su. Wurinsu ranar suna da sallah, ko sau ɗaya a mako domin faranta rai. Haka kuma babu bukatar a yi wa taliyar leda korar kare. Ranar da aka makara, a dafa ta da rabin ƙullin ɗanɗanon, a yanka karas da kabeji, a fasa ƙwai. Abin gudu shi ne ta zama abincin kowace rana.

Rana, kula da wutar lantarki

Shawarwarin abincin yara da ke yawo a intanet galibi an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, inda yankan burodi da cuku zai wuni a jaka lafiya lau. A Abuja, inda zafin watan Maris da Afrilu kan doshi digiri 40, lissafin daban ne. Ƙa'idar masana tsaftar abinci ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, domin tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Abincin da aka zuba ƙarfe shida za a ci shi ƙarfe goma ko sha biyu. Yaron da ya ce shinkafarsa ta yi wani irin wari ba lallai ne shagwaɓa yake yi ba, wani lokaci hancinsa ne ya cece shi daga ciwon ciki.

Dabarar ba ta da tsada. Kafin a zuba abinci, a cika kular da tafasasshen ruwa, a rufe na minti biyar, a zubar, sannan a zuba abincin yana tururi a rufe nan take. Kular da aka ɗumama haka tana riƙe zafi fiye da wadda aka ɗauko da sanyinta daga kan kanta. Abincin jiya ba a zuba shi da ɗumi-ɗumi, sai an tafasa shi ya yi zafi har ciki. Dafaffiyar shinkafa ta fi kowanne bukatar wannan kulawa, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta kuma farfaɗo idan shinkafar ta jima a ajiye. Abin da ake so da sanyi kuwa, kamar kindirmo ko yankakkiyar kankana, a sa gorar ruwan shan yaron a firiza da daddare ta ƙanƙare, a jingina ta da shi a jaka. Kafin tara ƙanƙarar ta narke, ya sami ruwan sanyi, abincin kuma bai lalace ba.

Akwai abubuwan da bai kamata su bi yaro makaranta ba sai da ƙanƙara. Kunun aya na kan gaba, domin cikin 'yan awanni yake juyawa. Alala da awara ma ba su da haƙurin zafi, don haka a sanya su a matsayin abincin tara, a bar busassun abubuwa irin su ƙuli-ƙuli, dabino da ayaba su jira yunwar bayan azahar. Wannan tsari, mai laushi da wuri, busasshe daga baya, shi kaɗai yana rage yawan abin da ke dawowa gida.

Duk shirin da ya dogara da firij kuwa sai ya yi la'akari da unguwa. Mazaunin Maitama ko Asokoro da mazaunin Masaka ko Dutsen Alhaji ba wuta ɗaya suke gani ba. Inda wuta ba ta da tabbas, gari ya fi dafaffe aminci: garin wake, garin ɗanwake, da garin kunun da ake haɗawa da soyayyen gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, wanda asibitoci ke koya wa masu shayarwa da sunan Tom Brown. Wannan garin ba na jarirai kaɗai ba ne. Kofi ɗaya da safe ya fi shayi da burodi riƙe ɗan firamare. Shayi ma yana da wani aibu da ba a cika sani ba: ganyensa na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarin jini daga abincin da aka ci tare da shi. Lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir kuwa ƙara shi suke yi. Saboda haka yankan lemo kusa da ƙosai ba ado ba ne.

Gyaɗa tana bukatar kashedi biyu. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci tana iya ɗauke da gubar da ke illa ga hanta, wadda suya ba ta kashewa, don haka a tsince ta da kyau, ƙuli-ƙuli kuma a san hannun da ya fito. Na biyu, yaran da ba su kai shekara biyar ba ba a ba su ƙwayar gyaɗa ko aya ko gurjiya su tafi da ita inda babu mai sa musu ido, saboda shaƙewa. Wasu makarantun kuɗi ma sun hana shigo da gyaɗa baki ɗaya saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta, kuma ya kamata a tambaya tun farkon zango.

Abin da ke hana yaro ci

Ko an cika duk waɗannan sharuɗɗa, hukuncin ƙarshe na hannun mai shekara shida. Nan ne iyaye da yawa ke karaya. An gwada dambu ranar Litinin ya dawo, an gwada alala ranar Talata ta dawo, ranar Laraba aka koma katan. Binciken masana halayyar cin abincin yara ya nuna cewa sau da yawa yaro na bukatar ya haɗu da sabon abinci sau takwas, goma, har goma sha biyar kafin ya karɓe shi. Gwaji biyu bai isa a yanke hukunci ba. Kuma makaranta ba wurin gwaji ba ce. Abincin da yaro bai saba da shi ba a fara gabatar masa da shi a gida ranar Asabar, a faranti ɗaya da iyayensa, ya ga Baba na ci yana santi. Uban da ke ture ganye gefen faranti yana kora abinci da lemon kwalba ya riga ya gama koyar da darasinsa, ko da bai buɗe baki ba.

Wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta shahara da wani rabon aiki da ya dace da wannan hali. A tsarinta, iyaye ke yanke abin da za a ci da lokacin da za a ci da inda za a ci, yaro kuma shi ke yanke ko zai ci da yawan da zai ci. Ga wanda ya tashi a gidan da ba a miƙewa sai an sanɗe kwano, wannan zai yi kama da sangarta. Amma ɗure da tsawa ba su bin yaro makaranta. Abin da kawai suke koya masa shi ne ya juye abincin a kwandon shara kafin a zo ɗaukarsa, ko ya ba abokinsa, uwa ta ga kula fayau ta yi murna a banza. Gara kular da ta dawo da gaskiya.

Zaɓi tsakanin abu biyu yana aiki fiye da buɗaɗɗiyar tambaya. Idan aka ce wa yaro me yake so, zai ce biskit. Idan aka ce masa gobe ɗanwake ko dankali, ya zaɓi ɗaya, da wuya ya dawo da abin da shi ya zaɓa. Haka idan ya sa hannu a aikin, ko da ɓare ƙwai ne ko wanke karas da daddare.

Sai yawa. Ƙauna kan sa uwa ta danna abinci a kula kamar mai sallamar matafiyi, alhali hutun tara gajere ne kuma rabinsa na wasa ne. Tulin shinkafa na karya wa yaro gwiwa tun bai fara ba. Ƙananan abubuwa uku da za a ɗauka da hannu, misali ƙosai huɗu, ayaba ɗaya da yankan gurji, sun fi saurin shiga ciki. Lemon da ba a ɓare ba zai dawo yadda ya tafi. Kular da murfinta ya fi ƙarfin hannun ɗan nazire ma dalili ce da ba a cika tunawa da ita ba.

Akwai kuma kunya, wadda iyaye ke raina wa amma ita ce babba a wurin yaro. Ajin makarantar kuɗi a Abuja taron ƙabilu ne da na masu hali daban-daban, kuma kula tana da daraja kamar yadda mota ke da ita a farfajiyar ma'aikata. Yarinyar da aka taɓa toshe wa hanci saboda ƙamshin daddawa, ko aka yi wa dariya saboda manja ya ɗiga a rigarta, ba za ta sake buɗe wannan abincin a gaban mutane ba ko da tana son sa. Faɗa ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi shi ne a bar mai ƙarfin ƙamshi da mai romo ga abincin dare, a kuma kyautata fasalin na makaranta: alala a ƙaramin gwangwani mai kyau, awara a yanka ta daidai-wa-daida, karas a fere shi siri-siri. Ido ke fara ci kafin baki. Wani abin da ke taimakawa shi ne ƙosai da alala ba baƙi ba ne ga sauran 'yan ajin, domin Bayarabe da Ibo da Tibi duk suna cin su a gidajensu da wasu sunaye.

Game da kayan marmari, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2023 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na 'ya'yan itace da ganyaye a yini, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 kuma giram 400. Wanda ya nufi cika wannan da tuffa da inabin babban kanti zai ga ƙarshen albashinsa tun tsakiyar wata. Wanda ya bi kaka kuwa zai samu sauƙi: mangwaro da yazawa a bazara, ɗanyar masara da gwaiba da damina, lemon Binuwai da agwaluma da karas lokacin hunturu, ayaba da gwanda kusan kowane lokaci. Kasuwar kayan marmari ta Zuba da kasuwar Orange ta Mararaba da ta Gosa a hanyar filin jirgi duk sun fi kantunan cikin gari rahusa, kuma maƙwabta ko abokan ofis uku na iya haɗa kuɗi su sayi kwando su raba.

Wannan ɓangaren aikin maza ne ƙwarai. Direba ko hadimin da ke rako oga daga Kaduna ko Lakwaja ko Makurɗi yana wuce masu sayar da lemo da doya da dankali a bakin hanya, a farashin da matarsa ba za ta gani a Wuse ba. A gidajen da mata da miji duk ma'aikata ne, barin dukan lissafin kula a kan mutum ɗaya shi ne babban dalilin da ke sa a koma wa katan. Inda kuma 'yar aiki ce ke haɗa abincin, ba ta da laifi idan ta zuba abin da ta tarar. Jadawalin kwana biyar da aka rubuta aka manna a jikin firij ranar Lahadi, da kayan da aka tanada, sun fi faɗan safiya amfani.

Saura makarantun kansu. A taron iyaye da malamai akan shafe awanni a kan kuɗin makaranta da na motar ɗalibai, da wuya wani ya ɗaga hannu ya tambayi minti nawa ake ba yara su ci abinci, ko akwai malamin da ke zama da ƙananan har su gama, ko ina ake ajiye jakunkuna, a inuwa ko a barandar da rana ke duka. Haka batun ruwan sha da wurin wanke hannu, da abin da shagon cikin makaranta ke sayarwa. Makarantar da ta hana shigo da lemon zaƙi, ko ta ware rana ɗaya a mako ta kayan marmari, ta sauke wa iyaye rabin rigimar, domin yaro ba ya kukan abin da babu kowa a ajinsu da ke da shi. Irin wannan doka ba ta cin ko sisin makaranta, kuma iyaye biyar da suka haɗa baki kafin ranar taro sun isa su sa a rubuta ta cikin ajanda.